Kamu Bakwai na Inna Hamdiya

Dakwaro, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Dela,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da ɗiyarki Laila da maigidanta da yara duka. Yaya ƙafar? Yaya zafin Damagaram? Mu nan lafiya lau, sai bazara da ta sa mu gaba. Na koma ga takarda ne don kunnenki ya ƙi salula. Ran nan na yi ta ɗaga murya ina tambayar lafiyarki har maƙwabta suka amsa mini ta kan katanga, ke ba ki ji ba. Laila, ki karanta mata da ƙarfi, kuma kada ki tsallake inda kika ga na ja zance.

Akwai wata magana da na ji shekara hamsin da wani abu, ban taɓa gaya miki ba don ban ɗauke ta a bakin komai ba. Saminu wanzami ne ya faɗa mini yana cikin yi mini aski. Ya ce zauren gidanmu, wanda duk gari ke kira zauren Cindo da sunan Baba, ba Baba ne ya gama shi ba, ba kuma Jimrau mai koyon gini a wurinsa ba. Wai Inna ce. Wai Inna Hamdiya ce ta hau ta ɗaure bakan yamma, ɗaya cikin biyun da ke riƙe da rufin, da hannunta. Ban musa ba, don askarsa na bayan kunnena, amma da na fito na yi dariya har hulata ta faɗi. Kin san Saminu, Allah ya jiƙansa. Shi ne ya ga raƙumi mai tozo uku a kasuwar Sakabal.

Abin da muka tashi muka tarar ana faɗa shi ne Baba ya faɗo daga kan ginin shekarar da kike goye, ƙugunsa ya goce, ya yi wata huɗu a kwance. Aka kewaye wurin da zana, Jimrau ya ƙarasa kafin ruwa ya sauka, kuma da wannan aikin ya yi suna.

Abin da ya tono mini maganar shi ne bakan yamma ya tsage. Tsagar ba ta da faɗi, yatsa biyu ke shiga, amma Ikrama ɗan marigayi ƙanenmu Amiru ya ce ba zai ƙara damina a ƙarƙashinta ba. Yana so a rushe zauren, ya gina butik, wato shago, na sima da rufin tol, siminti da kwano ke nan. Ban ga laifinsa ba. Matarsa Nuriyya da yaransa sau goma suke bi ta nan kowace rana. Ni kuwa tela ne, na guje wa laka tun ina ɗan shekara goma sha biyu, ba ni da bakin magana a kan gini. Amma, Yaya, da na ji kalmar rushewa sai tuwo ya ƙi wuce mini.

Ana haka sai ga wasu baƙi daga Maraɗi. Ƙungiyar Tubali suke kiran kansu. Tsofaffin malaman lekol ne, wato na boko, da ƴan jami'a, suna yawo cikin jiha suna auna tsofaffin soraye da rumbuna, su zana, su ɗauki foto, su rubuta labarin kowane gini a kaye, wato littafinsu, don ko ya faɗi ya saura a takarda. A Birnin Lalle aka ba su labarin zaurenmu. Shugabansu Mushe Abdurrazak ne, mutum mai natsuwa da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Mai awon kuwa mace ce, Raudatu, ta karanta ilimin gini, tana hawa tsani kamar a kansa aka haife ta.

Mun zauna gaban mai unguwa, ni da Ikrama, mun daidaita. In ƙungiyar ta auna ta ce ginin lafiya yake, a gyara shi a bar shi. In ta ce zai faɗi, a rushe kafin ruwan farko. Na ba da hannu. Ke ce babba, ina son in ji naki.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Harisu tela

Dakwaro, 25 ga Afrilu

Yaya Dela,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya gida? Saƙonki ya iso, na ji kin yarda da abin da muka yi gaban mai unguwa, na kuma ji kin ce tun ina yaro nake saurin ba da hannu. Na karɓa.

An auna, Yaya, kuma awon bai zo mana da daɗi ba. Kwana uku Raudatu ta yi da zarenta na metir. Daga daɓe zuwa tsakiyar bakan gabas, metir uku da santi hamsin da bakwai. Bakan yamma, uku da ashirin da biyu. Mushe Abdurrazak ya sauya tabarau ya duba, ya ce gefen yamma ya nutse da santi talatin da biyar, kuma ginin da ya zauna haka ba a barin mutane a ƙarƙashinsa. Shekara saba'in da huɗu ina shiga zauren nan ban taɓa lura ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba. Sai da aka faɗa na ɗaga kai na gani.

Mutumin ba ya yanke magana shi kaɗai. Ya je wurin Ɗangoggo ɗan Jimrau, wanda yanzu shi ne babban magini a garin nan, ko da yake idonsa ya tafi. Ya tambaye shi ko tun asali haka aka gina bakunan. Ɗangoggo ya ce ubansa bai taɓa ɗaure baka ɗaya ya gaza ɗan'uwansa ba, ko da faɗin farce. To, in daidai aka gina su, yanzu kuma ba daidai suke ba, kin ga inda zancen ya tsaya. An sa ranar rushewa, ashirin ga watan gobe.

Raudatu ce kaɗai ba ta gamsu ba. Ta ce daɓen bai fashe ba, ƙofar yamma tana buɗewa ba ta cizon ƙasa. Amma ba ta da hujja, kuma Mushe ya hana a haƙa gindin bango don kada a tsokano abin da ake tsoro.

Yanzu ki saurara da kyau. Shekaranjiya Raudatu tana rubuta kayan da ke cikin zauren, sai ta zaro sandar awon Baba daga alkuki, ramin ajiyar nan na jikin bango, waccan da yake nuna mu da ita in mun yi ƙiriniya. Kamu ɗaya ce ta hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Ta auna ta, santi hamsin da ɗaya. Ni kuma da ba ni da aiki sai na ce ta ɗora sandar a bakan gabas mu gani. Bakwai cif. Muka koma na yamma, shida da ɗan guntu.

Nan sai na tuna kasuwar zamanin da. Ƴan jami'a ba su san ta ba, ni na ci abinci a cikinta. Lokacin da na fara ɗinki da kamu ake sayar da yadi, kuma kowa da nasa kamun. Mai saye ya zo da ɗan'uwansa mafi dogon hannu, mai sayarwa ya tura gajeren ƙanensa, a yi ta rigima kafin almakashi ya taɓa yadi. Na ce wa Raudatu, ga Baba a kwance kan tabarma, ba ya iya tashi. Me zai ce wa wanda ke sama? Zai ce kamu bakwai. Shi kuwa na sama da hannunsa zai auna. Ta danna salularta ta raba uku da ashirin da biyu gida bakwai, ta ce arba'in da shida.

Yaya, kin tuna Jimrau. In ya shigo zauren sai ya sunkuya. Hannunsa ya fi na Baba tsawo. Wanda ya ɗaure bakan yamma gajeren hannu gare shi. Wallahi sai na ji sanyin askar Saminu a bayan kunnena.

Ga roƙona. Baƙin gwadon saƙi da na ɗinka wa Inna, aikina na farko, yana wurinki tun rabon kayanta. A gabana ta auna shi da hannunta, kamu shida, ta ce in yanke nan. Ki ba Laila ta kai tasha, ta ba direban Maraɗi, Raudatu za ta karɓa a can. Na san ba kya son ya bar adakarki. Zan mayar.

Allah ya ƙara lafiya.

Naki,
Harisu

Dakwaro, 9 ga Mayu

Yayata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gida. Gwado ya iso, da alkakin da kika ƙunsa a ciki, da faɗan da Laila ta rubuta da bakinki. Alkakin ya ƙare tun ranar, faɗan yana nan ina amfani da shi kaɗan-kaɗan.

Da na warware gwadon sai da na zauna. Ƙanshin adakarki ne, amma ɗinkin nawa ne, karkatacce kamar hanyar tururuwa, kuma Inna ta yafa shi shekara talatin ba ta taɓa ce mini komai ba. Muka shimfiɗa shi a tsakar zauren. Metir biyu da saba'in da huɗu. In an raba shida, arba'in da shida ne saura ƙiris, ƙiris ɗin kuma ni na cinye shi a kalmasa. Raudatu ta rufe baki da hannu, ta fita waje ta dawo.

Mushe Abdurrazak bai motsa ba. Ya ce zane yana shan ruwa ya tsuke, kuma masu gajeren hannu sun fi dubu a jihar nan. Ya ce shi ma zai so labarin ya zama gaskiya, amma ƙungiya ba ta rubuta abin da ba ta da shaida a kansa, balle ta ce wa mutane su ci gaba da wucewa ƙarƙashin rufi saboda gwado. Ban iya jin haushinsa ba. Ikrama kuwa dariya ya yi, ya ce, “Baba, da zane za ka tokare mana rufin?” Na ce masa ubansa ma haka bakinsa yake, shi ya sa nake ƙyale shi.

Saura mutum ɗaya. Na sayi goro na tafi gidan Ɗangoggo da la'asar. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ya ci gorona, ya tambaye ki. Muka zaga duniya, daga tsadar hatsi zuwa ciwon gwiwa. Da na kawo zancen Saminu sai ya ce ashe har yanzu ana aski da labarin nan. Sannan ya ce yau kowa sima yake so, ƴaƴansa uku babu mai taɓa laka, duk kabu-kabu suke yi, abin da ya rage masa a duniya shi ne in an wuce zauren nan a ce aikin Jimrau ne. Bai ce mini i ba, bai ce a'a ba. Na ɗauki takalmana. Ba zan iya ƙwace wa makaho abin da yake dafawa ba.

Tun ranar abubuwa ke dawo mini. Kin tuna kowace Sallah Jimrau yana zuwa da zakara? Mu mun ɗauka na Baba ne. Amma a tsaye yake gaishe da Baba a ƙofar gida, ita kuwa Inna sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa nesa. Kin kuma tuna in za ta fita unguwa takan dafa bangon yamma, ba don gajiya ba? Ɗiyar magini ce ta Birnin Lalle, Yaya. A gidan tubali ta girma. Mu ne ba mu taɓa tambayar abin da ta gani ba tana yarinya. Ni da na raina laka, ga ni da furfura ina rasa ci saboda ita.

Raudatu ba ta zauna ba. Ta ce in rushewa za a yi, to ba za a bar ko zankon kan soro ɗaya bai shiga takarda ba. Ta zana kowane bango, ta hau sama ta zana rufin, ta zaunar da ni ta rubuta har inda Baba yake aje butarsa. Baba tela take kirana, kuma ta gano ina ƙara gishiri, don in na ba ta labari sai ta dawo washegari ta sake tambaya ta ji ko zai canza.

Abu ɗaya nake riƙe da shi. A garin nan ba a sauke rufin soro sai babban magini na zaune a wurin, don shi ke cewa wace azara cikin itatuwan rufin za a fara zarewa. Dole Ɗangoggo ya zo ran ashirin. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Harisu

Dakwaro, 23 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Dela,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Laila da kowa. Laila, matso kusa da kunnenta na dama, shi ne mai sauran aiki.

Zaure yana tsaye.

Yanzu da na sauke miki wannan, bari in bi da ke a hankali. Ran ashirin da hantsi ma'aikata suka zo da diga da shebur. Mutanen ƙungiya sun zo don su ɗauki foton ƙarshe. Unguwa ta cika, har masu cewa gara a rushe sun zo da fuskar jana'iza. Aka kawo Ɗangoggo a bayan babur, aka aje masa kujera a inuwa. Ya ce a fara ɓare yaɓen bakan yamma daga wurin tsagar, a bar azarori a fili, don a zare su da rai a yi wani aikin da su. Aka ɓare kamar tsawon hannu biyu. Sai ya ce a kai shi.

Ikrama ne ya riƙe shi ya hau kan benci. Ya sa hannu cikin ramin yana lalube. Kin san azarorin baka a jere suke, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da igiya kafin a rufe da laka. Yatsunsa suka tsaya a kan ƙulli ɗaya, ba su ƙara gaba ba. Ya daɗe a haka har mai diga ya fara gyaran murya.

“Ku aje digar nan,” in ji shi. “Wannan ba ƙullin magina ba ne. Ƙullin ragaya ne, irin wanda mata ke rataye ƙwarya da shi. Ubana bai ɗaure wannan ba.”

Aka mayar da shi kujera, ya nemi ruwa ya sha, sannan ya faɗa a gaban kowa. Ya ce shekarar da Baba ya faɗo, Jimrau bai fi wata biyar da fara koyo ba, bai taɓa lanƙwasa baka ba. Ga damina ta matso, ga rabin rufi a buɗe. In an kira magini daga wani gari, an gama da sunan Cindo. Sai Inna ta sa aka kewaye da zana, ta ɗaura ɗamara ta hau. Baba na kwance yana faɗa, Jimrau na kwaɓa laka yana miƙa mata, ita tana aunawa da hannunta tana ɗaurewa da ƙullin da ta iya. Kwana goma sha tara. Da aka yaye zana, ita ce ta ce a ce Jimrau ne, don a wancan zamani in aka ji mace ta hau gini, babu mai ƙara ba mijinta aiki. Ya ce Jimrau ya gaya masa wannan shekarar da zai rasu, ya ce ya riƙe sai ranar da zauren ya buƙata.

“Ranar ta zo tun watan jiya,” in ji shi. “Ni ne na makara. Harisu, ka yafe mini goronka.”

Na ce na yafe har da na baɗi.

Daga nan komai ya warware. Raudatu ta ƙwanƙwasa azarorin ɗaya bayan ɗaya, babu gara, babu ruɓa. Mushe ya yarda aka haƙa gindin bango, aka tarar yana nan inda aka aje shi. Bai nutse ba, haka aka haife shi. Har ta nuna mana cewa gajartar bakan Inna ce ta ba rufin gangare, ruwa ba ya kwana a kansa, yana zubewa yamma ta indararo. Shi ya sa sorayen da suka girme shi da waɗanda ya girma suka zube, shi yana nan. Tsagar kuwa, ki tambayi ɗanki Ikrama. Bara ya hau ya kafa allon hasken rana, ya tokare ƙafarsa da bulo daidai bakin indararon. Ruwa ya rasa hanya ya bi ta cikin yaɓe. Yanzu in na tambaye shi labarin zanen da zan tokare rufi da shi sai ya tuna ana kiransa a kasuwa.

Mushe Abdurrazak ya cire tabarau duka biyun, ya ce a gaban jama'a ya yi kuskure, ya auna ginin kamu da metir bai tambayi hannun wa ba. Ya ce daga yau duk ginin da za su rubuta sai sun nemi sandar magininsa. Mutumin kirki ne.

Mun ba Ikrama wurin turken awaki ya yi butik ɗinsa, ya ma fi fuskantar hanya. An fara gyara tun jiya. Ɗangoggo ke zaune yana ba da umarni, muryarsa ta dawo kamar ta mai shekara arba'in, kuma mutum huɗu daga ƙungiya sun tuɓe takalma suna taka laka. Igiya biyu sun tsinke wurin ɓarewa, ya ce ba za a sa wani ƙulli ba sai irin na wurin. Aka nemi maginin da ya iya, babu. Nuriyya ce ta fito daga madafa ta goge hannu, ta koya wa Raudatu, su biyu suka hau suka ɗaure. Babu zana wannan karon.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ki zo bayan ruwan farko ki dafa bangon nan. Gwado yana wurina, kuma na fasa ba direba. Mai shi ta zo ta karɓa.

Ina gaida Laila da maigidanta da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Harisu ɗan Cindo da Hamdiya

Na kusa mantawa. A kayen ƙungiya an rubuta magina biyu, Cindo da Hamdiya, Jimrau kuma mai taimako. A ƙasa akwai layin da ake sa wanda aka ji labari daga bakinsa. Raudatu ta tambaye ni wa za ta sa. Na ce na farko Saminu wanzami ne, na yi masa dariya, ta rubuta shi ko na samu ya yafe mini. Na ƙarshe kuwa, wanda ya faɗa mini da rana tsaka, hannunsa da ƙurar bakan Inna, ta rubuta shi da manyan baƙaƙe: Ɗangoggo ɗan Jimrau.